Karen taimako daga Canine Companions: ra'ayina bayan na zauna da shi

Mai zama a keken guragu ya san cewa ƙananan abubuwa ne ke cinye masa rai. Makulli ya faɗi ƙasa, waya ta sulale ƙarƙashin tebur, ƙofar firji ta ƙi buɗuwa don yatsu ba sa damƙa. Tun da na samu rauni a laka a nan Amurka, kowanne daga cikin waɗannan sai na kira uwargida, har na fara jin nauyin kiran sunanta.

Canine Companions, inda na samu karen taimakona, ƙungiya ce mai horar da karnuka don taimaka wa masu naƙasa, wadda aka kafa a 1975, hedikwatarta tana Santa Rosa a jihar Kalifoniya. Karnukanta Labrador ne da Golden Retriever, ko haɗin biyun. Ɗan kwikwiyo yana barin uwarsa da kamar mako 8, masu aikin sa kai su raine shi wajen shekara ɗaya da rabi, sannan ƙwararru su horar da shi na wasu watanni har ya san umarni sama da 40. Ba sa karɓar ko sisi, alhali a cewarsu kowane kare yana cin fiye da dala 50,000 kafin ya iso hannunka.

Sai ka je ka yi mako 2 ana koya maka aiki da shi, kuma kai ne ɗalibin, shi ya riga ya gama karatunsa. Nawa baƙi ne, mai sanyin hali. Katin banki da ya kwanta a kan tayil yana ɗauka da haƙora, ya ɗora ƙafafun gaba a cinyata ya miƙo mini, ba ko alamar cizo a jiki. Mun ɗaura igiya a marikin firji da na ƙofa, ya ja su buɗe. Da dare yana kama bakin safata a hankali ya zare, ya taɓa makunnin fitila da hanci. Abin da ya fi burge ni shi ne idan aka sa masa rigar aiki, ko nama ne ya faɗi gabansa ba ya kallo.

Na san abin da 'yan uwa ke son tambaya: Musulmi da kare a cikin gida? Kafin na nema sai da na tambayi malaminmu. Ya tuna mini cewa hadisi ya halatta karen farauta da na kiwo da na gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne. Duk da haka ba ya shiga ɗakin da muke salla, kwanonsa daban, kuma Hajiya idan ta zo ziyara har yanzu tattare zani take yi in ya gifta.

Wahalar tana nan. Jira a irin waɗannan ƙungiyoyi kan wuce shekara. Abinci da kuɗin likitan dabbobi a wuyanka suke. Gashi kuwa kada a yi magana, har cikin aljihun riga. Ko dusar ƙanƙara ake yi dole ka fita da shi ya kama ruwa. Dokar ADA ta 1990, wato dokar Amurka mai kare haƙƙin masu naƙasa, ta ba shi damar shiga shago da gidan abinci, mai wurin tambaya biyu kawai zai iya yi: shin don naƙasa ake buƙatarsa, kuma wane aiki aka koya masa. Amma wani direban tasi yana hango mu ya taka mota ya wuce.

Wanda ba shi da mai kama masa wanka da goge karen, ko kuɗin asibitinsa, ya yi lissafi sosai kafin ya cika takarda, domin riƙo ne na wajen shekara 8 zuwa 10. Wanda yake da su, ina ba shi shawara ya nema tun yau, layin yana da tsawo.