My Son ko gidan tarihin Da Nang?

Ɗan'uwa, tunda yini ɗaya gare ka kuma sassaƙar mutanen Cham, masu tsohuwar daula a tsakiyar Vietnam, kake son gani, shiga gidan tarihinsu da ke cikin Da Nang, bakin kogin Han. My Son, kufan haikalansu da ke wajen gari, ta jira wata tafiyar.

Ni ruwan sama ne ma ya kora ni ciki. Na ce bari in fake na rabin awa, sai da la'asar ta kusa kuɓuce mini. Abin da ya riƙe ni dandamalin dutse ne na ƙarni na 10 daga Tra Kieu, wani tsohon birnin Cham. A jikin dutsen an fitar da 'yar rawar sama, wadda mabiya Hindu ke kira apsara, ta karya ƙugu, ta lanƙwasa gwiwa, jikinta duk silin duwatsun ado, a gefe ga makaɗi rungume da abin kiɗansa mai tsirkiya. Taku biyu ne tsakaninku, har duwatsun wuyanta kana iya ƙirgawa. Faransawa ne suka buɗe gidan a 1919, suka kwaso kaya masu kyau daga kufai daban-daban, har da dandamalin haikalin E1 na My Son ɗin kanta, mai hotunan masu zaman kaɗaici suna busa sarewa. Wato kyan My Son ma rabinsa yana nan. Af, jikokin waɗannan masassaƙa da yawansu Musulmi ne yau, musamman a Kambodiya da yankin An Giang na kudancin Vietnam.

My Son kuwa, to, UNESCO ta sa ta a jerinta na wuraren tarihin duniya a 1999, kuma jan tubalin da ba ka ganin abin da ya haɗa shi abin kallo ne. Amma bama-baman Amurka sun rusa babbar hasumiyar a 1969, ni dai kuɗin mota da zufa na fi tunawa.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu tare baƙi da ƙaramin gunki suna rantsuwa daga haikali aka tono shi. Sabuwar sassaƙa ce aka shafe da laka, ni ma sun taɓa cin kuɗina. In ma na gasken ne, doka ta hana fita da shi, 'yan kwastan za su karɓe a filin jirgi. Ka je gidan tarihin da safe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso.