Wayar "sojoji" da na saya a Gusau, bayan wata bakwai a hannuna

Waya uku na kashe cikin shekara biyu kuma duk a gona suka mutu. Ta farko ta zame daga aljihun gaba na duƙa zan tada injin ban ruwa, sai cikin kanal. Ta biyu rana ta dafa batirinta har bayanta ya kumbura kamar fanke, ta uku kuma yaron da ke kama mini aiki ne ya bi ta kanta da mashin, har yau rantsuwa yake bai gan ta ba. Duk mai noman rani a yankin Bakolori ya san waya ba ta tsufa a hannunmu.

To da na shiga Gusau bayan na sayar da shinkafa sai na ce wannan karon mai ƙwari nake so ko nawa ce. Shagon ba zan faɗi sunansa ba. Yaron shagon ya ɗauko wata baƙa, mai kauri kamar sabulun wanki, gefenta duk roba da ƙananan kusoshi, ya ce "Alhaji wagga ba waya ta ba, tanka ta. Irin ta sojan Amurka ta, duba kwalin ka gani." Ya nuna mini rubutu a jikin kwalin, MIL-STD-810H, kusa da shi IP68. Kafin in yi magana ya jefa ta cikin bokitin ruwan da ke bakin shago ya kira lambar da wayarsa, muna tsaye tana haske a ƙasan bokiti, ruwan na ɗan rawa. Ya ciro ta ya goge a gefen rigarsa ya miƙo mini. Gaskiya a nan ya gama da ni, ko tayi ban yi da kyau ba, na biya dubu 185 na fito ina jin kaina.

Bari in fara da abin da ta yi na kirki don kar in ci amanarta. Batir dai babu magana, mAh 10,000 ne, ina yin kwana uku ban nemi caji ba in dai ba na zauna kallon bidiyo ba ne, kuma a garin da wuta ke zuwa sai ta ga dama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Har cajin wayar uwargida nake yi da ita. Ta faɗa kanal sau biyu, na biyun sai da na lalube ta da ƙafa cikin taɓo, na wanke ta a bakin famfo ta ci gaba da aiki. Hunturu ya zo ya wuce ƙura ba ta shige ta ba. Tocilarta ta fi wadda nake saya ta dubu biyu a kasuwa, sifikarta kuma ko injin na ruri kana jin kira.

Matsalarta nauyi. Ta doshi rabin kilo, aljihun riga biyu ta yage mini, yanzu sai a aljihun wando, in ka zauna sallah kana jin ta tana tokarinka. Kamara kuwa da rana ba laifi, da magariba ta yi sai ka ga hoton mutum kamar an shafa masa toka. Kuma tana da nawa, ka taɓa WhatsApp sai ta yi tunani tukuna. Sabis ma ba ta fi sauran ba ko kaɗan, inda ƙaramar wayar makwabcina ba ta kamawa ita ma ba ta kamawa, duk da yaron shago ya ce har cikin daji tana ja.

Sai ranar da gilashin ya fashe. Ba wani abin kirki ba ne fa, daga kan buhu ta zamo, tsayin bai kai ƙugu ba, ta faɗi rub da ciki a kan tsakuwa, wani ɗan dutse mai tsini ya same ta a tsakiya, tsaga ta tafi tun daga sama har ƙasa. Na tsaya ina kallonta, na ce yau ga tankar yaƙi tsakuwa ta kashe.

Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa da ɗan yayana da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau ya zo hutu na ba shi kwalin na ce karanta mini, mi wannan rubutun ke nufi. Ya yi dariya ya ce "Baffa ai an sayar maka da suna ne." Muka zauna kan tabarma ya bi da ni daki-daki, ni ma daga baya na ƙara dubawa da kaina.

Ashe MIL-STD-810 ba lambar yabo ba ce, kundi ne na ma'aikatar tsaron Amurka da ke bayanin yadda za a gwada kaya a ga ko za su jure wahala. Tun 1962 aka fara fitar da shi, ana ta sabuntawa, na G ya fito 2008, na H ɗin da ke jikin kwalina 2019. A ciki akwai gwaji sama da ashirin, na zafi, na sanyi, ruwan sama, raɓa, yashi da ƙura, girgiza, faɗuwa da sauransu. To ga inda gizo ke saƙar, babu wani ofishin soja da ke karɓar wayar kasuwa ya gwada ya buga mata hatimi. Kamfani shi ke zaɓen gwajin da yake so a ciki, ya yi a ɗakin gwajinsa ko ya biya wani ya yi masa, in ya yi huɗu ko biyar ya bar sauran ba mai hana shi rubuta lambar a kwali. Ko gwajin faɗuwar da ake ta kuri da shi, sau 26 ake sakin abu daga tsayin santimita 122, wato ƙafa huɗu, a kan shimfiɗaɗɗen wuri, kuma an yarda a raba faɗuwar tsakanin samfuri har biyar, ba dole waya ɗaya ta sha duka ba. Wuri mai santsi fa, babu tsakuwar Talata Mafara a lissafinsu.

IP68 ɗin ma ashe ba ruwansa da soja, ma'auni ne na ƙasa da ƙasa. 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 8 na nufin tana jure nutsewa fiye da mita ɗaya, zurfin da lokacin kamfani ke faɗa, yawanci mita ɗaya da rabi na minti 30, a ruwa mai tsabta. Abin dariyar shi ne wannan da yaron shago bai ko tsaya a kansa ba shi ne ya yi mini aiki a kanal.

Ɗan yayan nawa ya ce a Amurka inda aka fi cinikin wannan kalma ta ma'aunin soja wajen masu sayar da bindiga ne, musamman AR-15, wadda ita ce 'yar'uwar M16 ta soja amma ta farar hula, harsashi ɗaya take fitarwa duk jan kunama. Can ma abin da kalmar ke nufi shi ne girman sassan da irin ƙarfen sun yi daidai da abin da soja ya gindaya, don na wannan kamfani ya shiga na wancan, ba wai ta fi kowace kyau ba. Soja mafi ƙarancin abin da zai karɓa yake rubutawa, sannan ɗan kwangila ya cika shi da araha. Mu nan wannan ba ma zancenmu ba ne, dokar makamai ta 1959 ta hana farar hula riƙe bindigar yaƙi. Na kawo shi ne kawai don a ga ko a inda kalmar ta fi tashe ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Na koma shagon da rasit. Yaron ya juya ta ya ce "Alhaji ai garanti bai ɗaukar gilas." Na ce ba kai ka ce ko mota ta bi ta kai ba? Ya ce shi roba yake nufi. Ban ja ba, girma ya hana, amma na ce masa ya daina jingina wa sojan Amurka abin da ba su sani ba.

In mai noma ne kai ko mai kamun kifi ko ɗan acaɓa da ruwa ke duka, zan ce ka saya, don batir da ruwa kaɗai ta biya kuɗinta, amma ka sa mata gilashin kariya tun a shago kuma ka tambayi mai gyara ko ana samun sikirin ɗinta kafin ka biya. In zaman ofis kake ko shago ka bar ta, nauyi kawai za ka saya. Ni ban yi wannan tambayar ba, masu gyara uku na zaga a Gusau babu mai irinsa, ɗaya ya ce zai sa a duba masa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Sati na biyar ke nan, na liƙe tsagar da salatif ina amsa kira a haka.