Lensin 50mm ɗin nan shi ya zaɓa min layin da zan bi a hoto

Wata bakwai kenan da na sayi Canon EF 50mm f/1.8 STM, na hannu na samu wajen wani mai hoto da ya koma harkar bidiyo, kuma tunda ƴan uwa mata suna ta tambayata a Instagram wai da me nake ɗaukar hotunan nan da abin da ke bayan mutum yake yin hazo-hazo, bari na faɗi gaskiyar abin da na gani.

Da farko ni niyyata hoton biki ce, kamu, dina, walima, duk wanda ya kira ni na je, don kowa cewa yake can kuɗin yake. Ranar da na fara zuwa dina da shi na gane kurena. Lensin ba ya zum ko kaɗan, ƙafarki ce zum ɗinki, kuma a kan kyamarata Canon 700D 50 ɗin nan komawa yake kamar 80, wato wuri kaɗan yake kamawa, saboda ƙaramar sensa gare ta, to ƙawayen amarya su goma sha biyu sun jeru da anko suna jira, ni kuma ina ta ja da baya ina ja da baya har na jingina da teburin mai kiɗa kuma still mutum huɗu ba su shiga ba. Lokacin liƙi kam ba a magana. Ba laifin lensin ba ne fa, ni ce na kai shi inda ba gidansa ba.

Inda ya nuna min kansa ɗakin mai jego ne. Yayata ta haihu, ranar suna da safe kafin gida ya cika na shiga, babu wuta, hasken taga kawai, na buɗe labule na ɗauka ba filasha, wallahi da na duba sai da na ce kai. Fuskar jaririn tar, akwatunan kaya da bokitin da ke bayansu duk sun narke ba a gane su. Kuma yana matsawa kusa har santimita 35, don haka ƙunshin hannun mai jego da ƴan yatsun ƙafar jariri duk suna fita. Daga wannan sunan na samu mata uku, a cikinsu har da wadda mijinta ba ya yarda namiji ya shiga ɗaukarta hoto, kuma irinsu suna da yawa a Kano fiye da yadda masu sitidiyo suke zato. Shi kenan na ajiye dina, yanzu masu jego da amare cikin ɗaki ranar sa lalle kawai nake yi.

Abu ɗaya da zan ja kunne, kar ki ga 1.8, wato iyakar buɗewar idon lensin da ke sa baya ya yi hazo, ki ce kullum a nan za ki zauna. Na yi asarar hotuna da yawa, hanci ya fita ido bai fita ba, musamman in mai jego ta riƙe jariri su biyu. Yanzu rage buɗewar nake zuwa 2.8 in mutum biyu ne. Ba shi da abin hana rawar hannu kuma, sai ki manne gwiwar hannu a jiki ki riƙe numfashi.

Nauyinsa giram 160 ne kacal, cikin jakar hannu nake jefa shi na hau adaidaita ba wanda ya san ina ɗauke da kayan aiki. Da ya fito a 2015 wajen dala 125 ake sayar da shi, kuɗinsa a naira kuwa sai yadda canji ya kwana. In na hannu za ki saya ki haska tocilan ɗin waya ta cikin gilashin ki duba ko akwai ƙura ko fumfuna, sannan ki ɗaura a kyamararki ki gwada kafin ki tura ko sisi.