Kwali mai rami da mai falle ɗaya: wanne ya dace da kayanka?

A bakin mutane duk sunansu kwali, amma mai loda bandar kifi daga Haɗeja zuwa Kano ya san ba ɗaya suke ba. Yagi gefen kowanne ka duba. Kwalin sabulu, na ashana ko na ganyen shayi takarda ce mai kauri falle ɗaya, gabansa fari da santsi, bayansa galibi ruwan toka. Katan ɗin taliya kuwa falle uku ne: biyu a shimfiɗe, na tsakiya a lanƙwashe kamar kwanon rufi, an manne su da gam ɗin sitaci. Lanƙwasar nan ce ke barin ramuka a tsakani, shi ne kwali mai rami. Kaurinsa milimita 3 zuwa 4. Akwai mai falle biyar, mai rami hawa biyu, wanda ke kai wajen milimita 7, irin wanda ake zuba batir ko kayan inji.

Mai falle ɗaya ba shi da laifi a inda aka yi shi domin shi. Yana karɓar rubutu da hoto tsaf, yana naɗewa ba gardama, don haka matan da ke haɗa sabulu ko turaren wuta a gida shi ya fi musu wajen jera kaya a shago. Amma a ɗora masa nauyi, nan take ya lotse. Ado ne, ba ɗan dako ba ne.

Mai rami shi ne na hanya, sai dai ƙarfinsa na da sharaɗi. Ramukan nan ginshiƙai ne, dole su tsaya daga sama zuwa ƙasa. Kwantar da katan a gefensa, ka mai da ginshiƙi tabarma. Nauyin kuma kusurwoyi huɗu ne ke ɗaukar mafi yawansa, shi ya sa ake so a jera kusurwa kan kusurwa. 'Yan lodi sun fi son jeren bulo don kada kaya su zame a kan gargada. Gaskiyarsu, amma katan na ƙasa ne ke biyan bashin. A cika shi taf kuma, domin wanda aka bar wa sarari a sama shi ke fara durƙushewa, kifin ya zama gari. Gindinsa a ja masa salatif layi uku, ɗaya a tsakiya, biyu a bakin gefe.

Babban abokin gabarsa danshi ne. A watan Agusta, ko ruwa bai taɓa shi ba, katan kan sha raɓar iska ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Kada a aje shi a daɓen ƙasa. A sa katako ko bulo, ga kuma gara da ke son sitacin nan kamar me. Kifin da bai huce daga banda ba, gumin da zai yi a ciki ya isa ya jiƙa katan ya kawo fumfuna.

Mafi yawan wanda ake samu a kasuwannin ƙauye na hannu ne. Danna babban yatsa a jikinsa: in ya shige bai dawo ba, ramin ya mutu. Sannan a sansana. Wanda ya ɗauki omo, kananzir ko maganin feshi, ko kyauta aka ba ka kar ya kusanci abinci. Na kilishi ko ƙuliƙuli a shimfiɗa masa leda tukuna, don mai na ratsa takarda.