Kokoda ko palusami: wanne ya fi nauyin kalori, kuma ta yaya ake ƙiyastawa?

Wata Hajiya ta ce aiki zai kai ta Suva, babban birnin Fiji, likita kuma ya umarce ta da ta riƙa lura da kalorin da take ci. An ambata mata kokoda da palusami, abinci biyu na ƙasar, tana son sanin wanne ya fi sauƙi, da yadda za ta ƙiyasta su a gidan abincin da ba a rubuta komai ba sai suna da farashi.

Hajiya, ido zai gaya miki palusami ya fi sauƙi domin ganye ne, amma lissafi bai yarda da ido ba. Ganyen gwaza ne ƙanana ake jerawa, a zuba kakkaurar madarar kwakwa da albasa a tsakiya, sau da yawa har da naman shanu na gwangwani, a ƙulle shi kamar ƙullin alale, a gasa a cikin ramin duwatsu masu zafi da mutanen Fiji ke kira lovo. Ganyen da aka dafa bai kai kalori 30 a giram 100 ba, don haka kada ki ɓata lokaci a kansa. Kakkaurar madarar ce ke da kusan kalori 330 a giram 100, naman gwangwani kuma kusan 250. Idan ƙulli ɗaya ya sha giram 100 na madara da giram 50 na nama, ya haura kalori 450, kuma babu abin da za ki iya warewa gefe, domin ganyen ya riga ya tsotse man a lokacin gashi.

Kokoda kuwa ɗanyen kifin teku ne da ake yanka ƙanana, a jiƙa a ruwan lemun tsami har namansa ya yi fari ya ƙanƙame, sannan a zuba madarar kwakwa da tumatir da albasa da barkono, a ci da sanyinsa. Farin kifi marar kitse yana tsakanin kalori 80 da 110 a giram 100, madarar kwakwa mai ɗan ruwa-ruwa kuma tsakanin 200 da 230. Kwano mai giram 120 na kifi da rabin kofin madara zai kai wajen kalori 380 idan kin shanye romon duka. Fifikon kokoda a nan yake: madarar tana kwance a fili, kina ganin yawanta, kuma idan kika tsamo kifin kika bar rabin romon a kwano, kin rage fiye da kalori 100 ba tare da kin rage abin da ke ƙosar da ke ba.

Dalilin wannan tazara shi ne giram ɗaya na mai yana da kalori 9, alhali sitaci da furotin 4 kawai suke da shi. Saboda haka a ganina tambaya mafi amfani da za ki yi wa mai kawo abinci ita ce ko an sa lolo, wato madarar kwakwa a yarensu, kuma mai kauri ce ko an tsinka ta. Manhajojin ƙidayar kalori ba su da yadda za su san kaurin madarar da aka tatsa a wannan kicin ɗin, don haka gara ki shigar da kifi daban, madara daban.

Abin da ake ci da su ba baƙo ba ne a wurinki. Dalo gwaza ce, tavioka rogo ne, kumala kuma dankalin Hausa. Dafaffiyar gwaza tana da kusan kalori 140 a giram 100, ɓari mai girman dunƙulen hannunki zai kai wajen 200. Dafaffen dankali bai kai 100 ba, shi ya sa shi zan zaɓa a ranar da palusami ya shiga farantina.

Idan aka gayyace ki cin lovo, ki tambayi irin naman, domin akan gasa alade da kaza da kifi a rami ɗaya. Fiji tana da Musulmi 'yan asalin Indiya, ana kuma samun gidajen abincin halal a Suva, sai dai a can roti, wato gurasar Indiyawa, da miyar kori ne za ki lissafa, kowane babban cokalin man da aka zuba musu kalori 120 ne.