Waakyen Hajiya a Nima, da abin da ke dawo da ni duk Asabar

Shekara uku kenan da tsadar haya ta kore ni daga unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, na koma garin Kasoa da ke wajen birnin. Ɗaki biyu da falo, ruwa a cikin gida, ba hayaniya, kowa cewa yake na huta. To na huta ɗin, amma duk Asabar ina idar da sallar asuba nake shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, in sha cunkoson mahaɗar Mallam in sauka tashar Circle in sake hawa wata motar, duk don waakye, wato shinkafa da wake, na wata Hajiya da ke wani lungu kusa da kasuwar Nima. Ba ta da allo ba ta da suna a Facebook, tebur ne da benci biyu da ƙatuwar tukunya a lulluɓe.

Abincin dai gaskiya ba dama. Waken ya nuna luɓus amma bai dame ba, shinkafar warara, jan nan kuma na karan dafi ne na ainihi, kanwar daidai ba ta ɗaci a baki. Shitonta, wato soyayyen yajin da ake ɗorawa a kai, baƙi ƙirin, ƙamshin kifi da jatan lande ke fara isowa kafin yajin ya kama ka a maƙogwaro. Ni nawa da taliya da garin rogo da ƙwai da ganda, kuma a ganye nake so ba a roba ba, wanda bai taɓa ci a ganye ba bai san ƙamshin da nake nufi ba. Ina biyan sidi 35 yanzu. Wani lokaci nakan tuna cewa sunan ma namu ne, wake ne ya zama waakye a bakin mutanen ƙasar nan, kamar yadda kasuwa ta zama Kasoa.

Matsala akwai, ba zan ɓoye ba. Layi ne mai tsawo kuma ba a bin sa yadda ya kamata, sai ka ga wata ta miƙo kwano ta gefe an zuba mata kai kana tsaye tun ɗazu, wannan yana min ciwo wallahi. Kwatar da ke gefen wurin in an yi ruwa ba ta da daɗin zama. Naman ma ya ƙanƙance sosai tun 2022, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, har yau bai koma yadda yake ba.

Amma a shekarar 2022 ɗin ce na ga abin da ya ɗaure ni da wurin. Aikina ya tsaya, ga rasuwar Baba, na yi wajen wata biyu ban leƙa ba, ranar da na je ina lissafin ko in ce a cire ƙwai, ta ɗago kai ta dube ni ta ce ɗana ina ka shiga, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙan Malam. Ta zuba min kamar kullum, ta kankaro ƙanzo daga gindin tukunya ta ɗora a kai don ta san ina so tun ina yaro, na miƙa kuɗi ta ture hannuna ta ce sai ka samu. Na zauna a bencin nan ina ci hawaye na zuba, wani dattijo mai sayar da goro da ke gefena bai tambaye ni komai ba, ruwansa kawai ya turo min.

Rahoton da ake fitarwa duk shekara kan farin cikin al'ummar duniya, wanda Finlan ke zuwa ta ɗaya tun 2018, a na 2025 sun yi magana kan cin abinci tare da mutane, cewa masu yawan ci da wasu sun fi jin daɗin rayuwarsu. Ni da na ji ban yi mamaki ba ko kaɗan. A Kasoa sai in yi sati maƙwabcina bai san ko ina gida ko na yi tafiya ba. A bencin Hajiya kuwa direban trotro da malamin makaranta da yaron da ya taso daga aikin dare duk gwiwa na gugar gwiwa, ana musun ƙwallo ana tambayar jikin mamar wane, in ka makara sati ɗaya sai an ce lafiya dai ko.

Wanda zai je ya je kafin ƙarfe takwas, tara na yi tukunya ta ƙare. Ta fi son kuɗi a hannu, momo, wato tura kuɗi ta waya, sai jikarta na nan, ita ke riƙe wayar. In kana son ƙanzo ka faɗa da wuri, masu jiransa suna da yawa.