Ɗakin bakin teku a gabashin Zanzibar: sirri muka saya, titi muka tarar

Tun da mutanenmu na Marwa da Garwa da Njamena suka fara gudun hazo zuwa Zanzibar, tsibirin nan na Tanzaniya, a ƙarshen shekara, kowa ya dawo sai hoton farin yashi da shuɗin ruwa, ba mai faɗin yadda wurin nan yake komawa da hantsi. To ni zan faɗa. Otel ɗin da muka sauka mai tauraro biyar ne, a gaɓar arewa maso gabas, tsakanin Kiwengwa da Matemwe. Ba zan kama suna ba, don duk na layin jirgi ɗaya ya kwaso su. Kuɗin irin waɗannan wurare a ƙarshen Disamba kuwa kun san shi, ba sai na tayar wa kowa da hawan jini ba.

Maganar yanayi babu ƙorafi. Tsibirin yana kudu da tsakiyar duniya, saboda haka lokacin da hunturu yake tsaga mana leɓe da dunduniya, su nasu zafin ne ya kama. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafin rana yana ɗan haura digiri 30, iska kuma ɗauke da laima. Kaushi da bushewar hanci da tarin ƙura duk sukan saki mutum kafin ya ankara. Wannan kam an samu.

Abin da ya cinye mana hutu shi ne masaukin da muka zaɓa. Ba ɗaki ba ne a cikin bene, ɗan sashe ne mai zaman kansa, da rufin ganyen kwakwa, da kwamin ninƙaya nasa na kansa a gaban baranda, yana kallon teku. Ya fi ɗakunan cikin lambu tsada nesa ba kusa ba, kuma duk Bahaushen da ya ƙara wannan kuɗin dalilinsa ɗaya ne: uwargida da 'yan mata su shiga ruwa ba tare da idon kowa ba, tunda babban kwamin otel cakuɗe yake da Turawa maza da mata. Dama da hagu an ja katanga mai tsawo. Gaba kuwa, wajen teku, 'yar katanga ce iya ƙugu, don kada a tare wa baƙo kallon ruwa. A hoto ba ka ganin aibin hakan, tunda ruwa ne yake dukan gindin katangar.

Ga abin da hoton bai nuna ba. Tekun wannan gefen tana cika ta janye sau biyu a kowane yini da dare. Tsakanin cika da janyewa awa 6 ne da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50. Gaɓar gabas shimfiɗaɗɗiya ce, ga kuma jerin duwatsun murjani can ciki da suka yi mata shinge, shi ya sa in ruwa ya sauka ba taku goma yake ja da baya ba, ɗaruruwan mitoci yake tafiya, wani wurin har ya haura kilomita. Ɗan Marwa ya tuna yadda mayo, wato kogin garin, yake komawa rairayi zalla da rani har a riƙa ratsa shi da babur, to haka, sai dai nan kullum ne, har sau biyu.

Girman janyewar kuma wata ne yake juya shi, mu da muke bin kwanan wata ba za mu sha wahalar lissafin ba. A kwanakin tsayuwar wata, da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata, rana da wata suna jan ruwan ta layi ɗaya, sai bambancin cika da janyewa ya kai kusan mita 4 a tsaye. A irin waɗannan ranakun ruwa yakan kai ƙarshen janyewarsa tsakanin hantsi da tsakar rana, ya dawo ya cika wajen la'asar, ɗaya cikar kuma ta faɗo kafin asuba, lokacin da kowa yake barci. Wato sa'o'in da rana take da daɗin wanka su ne babu tekun.

Rashin ruwan ma da sauƙi. Da zarar yashi ya buɗe, gaban sashenka ya zama hanyar gari. Matan ƙauye su fito aikin ciyawar teku, sana'ar da suke yi tun ƙarshen shekarun 1980: turaku ne a kafe cikin ruwa iya gwiwa, an ɗaura igiyoyi, ciyawar tana tsiro a jiki, su tsinko su cika buhu su ɗora a ka, ruwa yana tsiyaya a kan mayafinsu. Waɗannan ba ruwansu da kai, iyakarsu sallama su wuce. Bayansu sai masu farautar dorinar ruwa da tsinin ƙarfe, sai masu keke da babur da suka mai da yashin gajeriyar hanya tsakanin ƙauyuka, sai Turawan sauran otel-otel masu yawo da waya a ɗage suna ɗaukar duk abin da ido ya gani. Waɗanda suka fi ci mini tuwo a ƙwarya su ne samarin talla. Yaro ya zo ya jingina gwiwar hannu a kan 'yar katangar nan, tsakaninsa da kwamin bai fi taku biyar ba, ya baje sarƙoƙin duwatsu da hotunan kwale-kwale, yana kiran a zo a je kallon kifi a ɗan tsibirin Mnemba. Ka ce ba ka so, ya yi murmushi ya ce to gobe. Kafin ya ɓace wani ya maye gurbinsa.

Mai gadin otel yana nan tsaye da sandarsa, amma iyakar ikonsa ya hana mutum hawowa matakala. Yashin bakin teku na kowa ne, ba na otel ba, kuma gaskiyarsu ce, garinsu ne, abincinsu suke nema. Haushina yana kan wanda ya karɓi kuɗin sirri alhali ya san rabin yini babu shi. Ba a shafin otel ɗin ba, ba a bakin dillalin da ya yanka mana tikiti ba, babu inda aka ce uffan. Aka wayi gari matan da aka yi ɗawainiyar domin su suna zaune a ɗaki an saki labule, ga kwami a waje ruwa garai-garai ba mai shiga. An ce sayen nagari mai da kuɗi gida, wannan karon dai bai mayar ba.

Wanda bai riga ya biya ba, ga abin yi. Ya nemi jadawalin cikar teku na Zanzibar, yana nan a intanet kyauta, ya ɗora a kan ranakun tafiyarsa. Mai son iyo a teku ya auna wajen 7 zuwa 9 ga wata ko 22 zuwa 24, lokacin da ruwan ba ya nisa sosai. Sai dai a lura, a ranakun nan ba ya kuma hawowa har gindin katanga, don haka kullum akwai ɗan zirin yashin da mutane za su bi. Mai neman sutura kada ya dogara da lissafin wata ko kaɗan, ya rubuta wa otel ɗin ya ce a ɗauko masa hoton sashen daga bakin yashi ana kallon ciki, ba daga ciki ana kallon teku ba, ya tambayi tsawon katangar gaba da mita. Sashen da yake cikin lambu mai katanga ta ko'ina, ko wanda aka gina a kan tudun dutse, ya fi na bakin ruwa rufin asiri, ga shi sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi. In kuwa ruwa a kowane lokaci ake so, sai Nungwi ko Kendwa a can ƙuryar arewa, inda gaɓar take da zurfi, teku ba ta guduwa. Amma can ɗin cunkoso da kiɗan dare sun fi yawa, kowa ya san abin da zai iya ɗauka.

Masu yara su ƙara kula da abu biyu. Cikin kududdufan da ruwa ya bari akwai bushiyar teku, baƙa mai dogayen ƙayoyi masu karyewa a cikin nama, don haka ba a taka wurin sai da takalmin roba mai rufe ƙafa, silifa ba ta wadatar ba. Wanda ta soka kada ya hau tono da allura, ƙayar rugurgujewa take yi. A jiƙa ƙafar a ruwan zafi, mutanen wurin kuma sukan shafa ƙaron ɗanyar gwanda, in ta shiga da zurfi ko kusa da gaɓar ƙashi a nemi likita. Na biyu, mai tattaki zuwa duwatsun murjani ya juyo da zarar ruwa ya fara dawowa, domin kwaruruwan da suke bayansa, tsakaninsa da tudu, su suke fara cika.

Tsakani da Allah, da aka kai kuka wajen manaja ma'aikatan sun yi abin a yaba. Kafin azahar suka zo da asabarin ganyen kwakwa mai tsawon mutum, suka kafa turaku suka ɗaure shi a kan 'yar katangar, suka bar ƙofa ta gefe. Kallon teku ya tafi, amma iyali sun shiga ruwa. Yawancin ma'aikatan Musulmi ne, kamar akasarin mutanen tsibirin, da suka ga hula da mayafi ba a yi dogon bayani ba. Sun kwashe kwalaben giya daga ɗan firijin ɗaki suka zuba lemo da ruwa, suka kawo darduma, mai shara kuma ta nuna alƙibla. Wannan a riƙe shi da kyau: a Zanzibar alƙibla arewa take, kusan sak, ba gabas ba. Teku tana gabas, wanda ya bi abin da ya saba a gida ya fuskance ta ya kauce. Bayan gida akwai mesar tsarki, gado da gidan sauro da ake saukewa kowace magariba, tsabta kuwa ba a cewa komai. Na'urar sanyaya ɗaki tana mutuwa da kanta in an bar ƙofar baranda a buɗe, ba lalacewa ta yi ba. A wannan gaɓar har na fara cewa a yafe musu.

Sai zancen abinci ya dawo da ni baya. Kifi da jatan lande da shinkafa mai kanumfari da kirfa, da mangwaro da abarba, duk sun yi. Amma tsarin da ake biyan ci da sha a dunƙule, giya ce take kumbura kuɗinsa, mu kuwa shayi da ruwan kwakwa muke sha, ka ga mun biya wa wasu ke nan. A ɗauki na karin kumallo da abincin dare kawai, na rana a saya. Wajen karin safe kuma akwai naman alade a tire nasa daban, da ɗan kati da aka rubuta da Turanci, cokulan ɗiba suna kusa da juna, baƙi kuma ba sa kula wane suka mayar ina. A sa mai dafa abinci ya soya ƙwai a sabon kasko a gaban ido. Faransanci bai cika aiki a wurin ba, Turanci ne da Swahili, wasu har Italiyanci sun iya saboda yawan baƙin Italiya, amma ɗan Larabcin Chadi yakan fitar da mutum wani lokaci. In za a yi alkawari da direban gari a rubuta lokacin da lamba, don agogon Swahili daga wayewar gari yake fara ƙirga, ƙarfe ɗayansu bakwai ɗinmu ne na safe.

Hanya ba ta da wuya ga na Kuseri da Njamena: jirgin Habasha zuwa Adis Ababa, a sauya zuwa Zanzibar, agogonsu yana gaban namu da awa 2. Katin rigakafin shawara dole ne. Tun 1 ga Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar gwamnatin tsibirin, dalar Amurka 44, ko da yana da wata, kuma gara a biya ta intanet kafin a tashi. Mai fasfo ɗin Chadi, haka na Nijar da Najeriya, ba a buga masa biza a filin jirgi, sai ya nema tun da wuri an amince daga can, kada ya biya otel kafin ta fito. Sefa ba ta canzuwa, a tafi da yuro ko sababbin takardun dala, tsofaffi ana ƙin su. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, cajarmu mai ƙafa biyu tana son mahaɗi. Jakar leda kuma an haramta shiga da ita Tanzaniya tun 2019, mai guzurin kilishi ya sake masa mazubi.

Ranar fita a nemi takardar lissafi tun da dare, a bi ta layi-layi, kada a bari sai mota tana jira. A ciki za a ga harajin gwamnati na kowane mutum a kowane dare, wanda ba ya cikin kuɗin da aka biya tun farko, da ƙarin da suke ɗorawa in da kati za a biya. Wanki da ɗai-ɗai ake lissafa shi, babbar riga da 'yar ciki da wando kaya uku ne, kuma shadda ta dawo laɓa-laɓa, don ba su san sitati da bugu ba, laimar wurin ma ba ta barin ta tsaya. A bar manyan kaya a gida, a ɗauki yadi mara nauyi. A ƙasan takardar tamu kuma sai ga kuɗin sashen bakin teku cif-cif, ba a rage ko sisi ba, alhali asabari muka yi ta kallo. Da aka yi magana sai manajan ya ce ai mu muka nemi a rufe. Wurin zan iya komawa, amma sashen cikin lambu zan kama, kuma sai na ga hoton katangarsa ta kowace kusurwa kafin in tura ko tamma.